Rijiyar Taura da Ban Je Ba

Yau ina kakkaɓe tsofaffin takardu, sai ga jadawalin wani taro ya faɗo. Na daɗe riƙe da shi.

A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci a jihohin Arewa ne. Ni aka ɗora wa masaukin baƙi da jadawalin taron masana na kwana uku a Dutse, kan ziyolait, wani ma'adini da ake tace ruwa da shi. Saura mako guda, Farfesan da ya haɗa taron ya rasu. Mutumin Taura ne, kuma malamina.

Muka je Taura gaisuwa wurin yayansa, wani dattijo malamin allo. Na ce, "Baba Malam, za mu yi masa shiru na minti ɗaya a taron. Ɗakin da muka ware masa a masauki ma ba za mu ba kowa ba."

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, me shiru zai kai masa kabari? Ku sauki baƙo a ɗakin, ku yi wa marigayin addu'a. Ya sha gaya mini dutsen nan da za ku yi taro a kansa zai gyara ruwan rijiyarmu da ke sa yara ciwon ciki. Ku zo ku gwada. Wannan ne zai bi shi."

Na ce, "In sha Allahu."

Na soke shirun, na sa addu'a. Aka yi taro, aka tafa, aka watse.

Rijiyar nan, har yau ban je ba. Allah ya jiƙan Farfesa, ni kuma ya yafe mini.

Ku ma akwai irin wannan alkawarin a wuyanku?