Nauyin Hajiya Maimunat

Maharazu mutumin Funtua ne, kuma kafin ya zo Dubai a 2016, ƙanƙarar da ya sani ita ce ta cikin kular masu zoɓo. Shekara tara ya yi a bakin kasuwa yana gyaran keken ɗinki da wasa almakashi. Ni ne abokin zamansa a unguwar Al Qusais, gadona yana kallon nasa, saboda haka na san shi fiye da yadda nake so.

A wani shago yake aiki, kusa da babban kantin nan da aka gina tudun ƙanƙara a cikinsa. Abin da yake gyarawa shi ne ski, dogayen allunan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa a zame daga kan tudu. Yakan ɗiga kaki irin na kyandir a bayan allon, ya bi shi da dutsen guga har ya shige, ya bari ya huce, ya kankare, ya goge da buroshi. Gefen ƙarfen kuma ya wasa shi da magagari, sai ya ja farcensa a kai ya ga ya aske, sannan hankalinsa ya kwanta. A watan Afrilu masu allunan suke kawo su a lafta musu kaki mai kauri a ajiye, kada tsatsa ta ci su da zafi. A Disamba kuwa kowa ya tuna da nasa rana ɗaya, don lokacin ne masu hali suke tafiya ƙasashen duwatsu. Shi Maharazu bai taɓa hawa allon ba. Na tsokane shi a kan haka har na gaji, amsarsa kullum ita ce ƙafa biyu kawai Allah ya ba shi.

Wanda ya fi tsoro a cikin aikin shi ne maƙalin takalmi. Wani ƙarfe ne mai sifirin da ke riƙe takalmi a jikin allo, kuma an yi shi ne don ya saki ƙafa idan mutum ya faɗi. In an ɗaure shi da yawa ba zai saki ba, allon zai juya da ƙafar, ƙashi ya karye. Ana saita shi ne da nauyin mutum da tsawonsa da shekarunsa, duk ana rubutawa a kati. A shagon akwai sikeli, kuma Maharazu ba ya ɗaukar maganar kowa. Ko babban attajiri ne, sai ya hau.

To a Disambar 2019 sai ga allunan Hajiya Maimunat.

Hajiya gwaggon matarsa Saratu ce, ita ta riƙe ta tun daga yaye, ita ta aurar masa da ita. Suruka ce ke nan sosai. Malama ce a wata makarantar koyon jinya a nan, kuma ita ta nemo masa aikin ma. Rakiyar 'ya'yanta wajen wasan ƙanƙara ta sa ta koyi zamiya, har abin ya shiga ranta ta sayi allunanta na kanta. Za su tafi ƙasar Jojiya ranar Juma'a da safe. Direba ta aiko da allunan da takalman ranar Litinin, da saƙo cewa a gyara mata tun da abin na gida ne.

Ba kati, ba sikeli. Maharazu ya yi aikin kaki da wasa kamar zai kai gasa, sai ya zo kan maƙalin ya tsaya. Ya ɗauki waya ya ajiye. Ta wane baki zai tambayi surukarsa kilo nawa take, shekarunta nawa? Sai ya cike katin da kansa. Ya sa mata kilo tamanin da biyar, don a ganinsa babbar mace ai ba ta kasa haka. Ya sa shekara arba'in da biyar, don rubuta fiye da haka rashin ladabi ne. Ya ɗaure, ya sa hannu, ranar Laraba direba ya zo ya ɗauka.

Da yammar nan ya dawo gida bai iya cin abinci ba. Da ya faɗa mini abin da ya yi raina ya ɓaci ƙwarai. Na tambaye shi da me ya auna, ya ce da ido. Na ce wane idon, kai da tun da aka ɗaura auren ba ka taɓa ɗaga kai a gabanta ba? Ni shaida ne. In muka je gaisuwa, a bakin ƙofa yake durƙusawa, yana magana da kafet. Abin da ya sani na Hajiya shi ne muryarta da gefen abayarta, ni ma ban fi shi ba.

Ya kira Saratu a Funtua ko za ta tambayar masa. Ta ce ya rufa mata asiri, ita da ko sunan Gwaggo ba ta iya faɗa. Da ya matsa, ta ce rabonta da ganinta shekara huɗu, amma a lokacin dai tana da jiki. Wannan ya ɗan sanyaya masa rai na minti goma. Daga nan ya fara lissafin yadda mutum kan canza a shekara huɗu, ya sake tashi tsaye. Ya ba ni labarin wani Bature da ya taɓa shigowa shagon da sanda, ƙafarsa da ƙusoshi shida a ciki, wai maƙali ne ya ƙi saki. Sau uku ya ba ni labarin nan kafin isha'i, har ni ma tsoro ya kama ni.

Ranar Alhamis ya roƙi izini bayan azahar, ya sa sukundireba da takardar awon da ke nuna saitin maƙali na kowane nauyi a aljihu, ya ce in raka shi unguwar Port Saeed, gidan Hajiya. A cikin jirgin ƙasa yana ta maimaita yadda zai fara maganar, kowace ta fi ta baya muni. Mun isa ƙofar benen ya ce bari mu yi la'asar tukuna. Muka yi. Muka dawo, ya kai hannu kan ƙararrawa, ya janye, ya ce wataƙila tana hutawa, kuma ai Allah ne mai tsarewa. Ya juya ya kama hanyar tasha da gaske. Na bi shi har bakin ruwa inda ake loda jiragen katako, na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta ba. Ya daɗe yana kallon masu dako, gumi na zuba masa duk da sanyin Disamba, sannan ya juyo da kansa.

Hajiya ta karɓe mu a falo, akwatuna a buɗe, allunan a jingine cikin jakarsu. Ta yi ta yabon aikin, wai har fuskarta take gani a ciki. Maharazu yana durƙushe a inda ya saba. Aka yi gaisuwa har ta ƙare, aka sake wata.

"Hajiya, a gafarce ni," ya ce wa kafet. "Akwai abin da ban tambaya ba. Nauyinki da shekarunki. Da ka na rubuta."

Ma'aikaciyar jinya ce, kuma ta sha hawa sikeli a wajen hayar alluna, ba ta buƙatar bayani. Ta tambayi abin da ya rubuta, ya faɗa.

"Maharazu, ɗago kanka ka dube ni."

Ya ɗago da ƙyar. Na ga fuskarsa lokacin da ya ga 'yar siririyar mace zaune a gefen kujera, ƙafarta ko ƙasa ba ta gama taɓawa ba. Ta ce kilo sittin da ɗaya, shekara hamsin da huɗu, tun da likita ya hana ta sukari ta zube.

Ya zaro takardarsa ya bi layi da yatsa, yatsan yana ta hawa sama zuwa layin masu ƙaramin nauyi. Ya buɗe jakar, ya sa sukundireba ya fara sassauta maƙalin. Na zaci juyi biyu zai yi. Ya yi ta juyawa, har ƙarfen ya zame masa sau biyu. Ya gama na farko ya jawo na biyu.

"Da haka za ka bar ni in tafi?" Hajiya ta tambaya a hankali.

Bai sunkuyar da kai ba wannan karon.

"Sau biyu na zo ƙofar nan yau na koma, Hajiya. Saura kaɗan in bar ki ki tafi haka."