Ranar da Ƙafata Ta Tafi Bakura Ta Bar Ni

Ko tsufa ya kwashe min hankali ba zan manta ranar da aka sa na cire ƙafata a bainar jama'a don hoto ya yi kyau ba. Ƙafar roba ce. Ta ainihin tun ina soja nakiya ta ɗauke ta daga gwiwa.

Da aka sallame ni sai na dawo gida Maradun na kama noman rani, ina aron injin ban-ruwa wurin maƙwabta, ranar da suka ga dama. Ana nan wata ƙungiyar 'yan kasuwa ta yi shela za ta raba wa sojojin da suka ji rauni injin a Talata Mafara. Lokacin albasata ta fara kwanciya don ƙishi. Na sa rigata ta Juma'a na hau kabu-kabu.

Aka jera mu a benci. Sakataren ƙungiyar, wani Alhaji mai shagon taki, ya bi mu yana dubawa kamar mai sayen rago. Da ya iso kaina ya tsaya.

"Kofur, kai ina naka raunin?"

Na ƙwanƙwasa robar.

"Ai ba a ganinta. Waɗanda sunka ba da taimakon ga, hoto za a tura musu. Cire ta, ka naɗe wando."

Na tuna albasa, na kwance ƙafar. Ya karɓa da yatsu biyu, ya ce a sa ta bayan motarsa kar ta fito a hoto. Aka yi jawabai, aka yi addu'a. Aka ce in yi murmushi, can kuma aka ce a'a, in bari. Aka ɗora min injin a cinya. Ana tashi suka ɗunguma Bakura, can ma ana jiransu. Da ƙafata a mota.

Mai kabu-kabu da wani mai rake suka ɗora ni babur kamar buhun gero. Kwana huɗu injin yana ɗaki sabo fil, ni ina kan tabarma muna kallon juna. In na kira wayar Alhaji, yana taro. Rabin albasar ya ƙone.

A kwanakin nan na gane cewa mai ba ka don Allah ba ya bukatar ka ƙara lalacewa kafin ya ba ka.

Rana ta biyar na ari sanda na sami Alhaji shago. Ƙafar tana jingine da buhunan taki, wani ma ya rataya mata hula.

"Kofur, mantuwa anka yi," in ji shi. "Amma dai ka samu injin, sai godiya."

Na zauna na ɗaura abata a gabansa, ban yi sauri ba. Na miƙe na ce:

"Alhaji, waɗanda sunka ba da, Allah shi saka musu. Kai kuwa ka ji. Sau biyu anka cire min ƙafa duniyar ga. Wanda ya cire ta farko abokin gaba ne, kuma ko shi bai ce in gode mishi ba."