Ranar da na dawo da Baba gida da sabon tabarau

Shekarun baya can, lokacin ina aikin masaƙa a Kano, na kai mahaifina asibiti aka cire masa yanar ido. Shekara bakwai ke nan ba ya ganin komai sai hazo-hazo. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana kora jakunan gyaɗa daga Toranke zuwa Gaya ya koma sai an riƙe masa sanda. Likita ma bai yi mana alkawari ba, ya ce dai mu yi addu'a.

Allah ya sa aka dace. Ranar da aka sallame shi aka ba shi wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Ya saka, ya daɗe yana kallona. Ni kuwa na tara gashi irin na samarin lokacin, ga wando mai faɗin ƙafa yana sharar ƙasa. Na zaci zai yi kuka ne. Sai ya ce, "Kai, babu wanzami ne a birnin nan?"

Muka shiga mota, na sama masa gefen taga. Ba mu yi nisa ba ya damƙe hannuna ya ɗaga murya: "Direba, koma hannunka! Za ka kashe mu!" Mota ta ɗauki dariya. Ya ji a rediyo an koma tuƙin hannun dama, amma bai taɓa gani da idonsa ba. Direban ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ƙasar ce gaba ɗaya ta canza hannu."

Daga Wudil har Gaya bakinsa bai rufu ba. Rufin kwano yana ƙyalli a ƙauyukan da ya sani da bukkoki. Matasa a kan babura, wani har ya rataya rediyo a wuya. Ni kuma ina ta yi masa bayani ina hura hanci, sai ka ce ni na kawo su.

A Gaya muka sauka don canjin mota. Ya ce in kai shi wurin awon gyaɗa. Na san abin da za mu tarar, na yi ta kewaye-kewaye, ya ƙi. Muka je. Rumfar tana nan, sikelin ya yi tsatsa, awaki na kwance a inda ake jibge buhuna. Tun shekarun fari da cutar da suka cinye gyaɗa ba a sake komawa kanta ba. Ya shafa ƙarfen, ya ce, "A nan na sami abin da na auri uwarka." Duk bayanin nawa ya ƙare.

Kusa da Ajingi muka wuce sabbin azuzuwa, yara sun taso, har da 'yan mata riƙe da littattafai. Ya leƙa ya ce, "Har da mata? To, Allah ya sa albarka." Daga nan fuskarsa ta sake.

Da la'asar muka isa gida. Mahaifiyata ta fito da sauri, hannunta duk dusa. Ya gyara tabarau ya dube ta sama da ƙasa.

"Yaushe kika yi furfura?"

Ta ce, "Malam, da ka tambaye ni ai da na faɗa maka. Tun shekara biyar."

Ya yi dariya har hawaye suka jiƙa tabarau, ita kuma ta juya wai za ta duba tukunya.

Ni da nake bin hanyar nan kusan duk wata, ban taɓa lura da rabin abin da ya gani a yini ɗaya ba. Ko furfurar mahaifiyata sai a ranar na gan ta. Yanzu na kai shekarunsa na lokacin, kuma in jikokina suka ɗauke ni a mota, ba na yarda a ba ni tsakiya.