Ruwan Da Ya Ci Ƙafafun Yaya Sale

Talata: Rogo zuwa Ƙaraye

Ƙarfe biyar da kwata, ina idar da sallar asuba, na sa wa shagon ɗinkina na Rogo kwaɗo na hau bayan ɗan acaɓa. Saƙon Inna ne ya tashe ni. Yayana Sale shekara uku ke nan yana zuwa noman rani a bakin kogi, kudu da birnin Kano, yanzu an ce ƙafafunsa sun kumbura har ba ya iya shiga lambu.

Na biya ta garinmu Tudun Kaya, na tarar da Inna a kan dadduma. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Habu, ka buɗe idonka. Malam Bawan nan da suke lambu tare, ban yarda da shi ba. Sai da Sale ya samu fegi mai kyau sannan ciwo ya kama shi? Kada ka ci abin hannunsa."

Na ce, "To, Inna." Gaskiya ni ma zuciyata ta karkata can.

Ƙaraye zuwa Kano

Bakwai saura na iso tashar Ƙaraye, mota ba ta cika ba sai takwas saura kwata. Naira dubu uku da ɗari biyar na biya, muka matsu mu huɗu a baya. Mun wuce Getso da Gwarzo lafiya. Kafin Rimin Gado aka tsayar da mu a shinge, ɗan sanda ya leƙa jakata, ya ga tsimin da Inna ta ɗauro, ya yi murmushi ya ce mu wuce.

Direba ya tambayi inda zan nufa a Kano. Na ce bayan Panshekara.

"Wajen masana'antu? To ka tanadi hankici. Ka san kogin naku na Ƙaraye ne yake gangarawa can? In ka gan shi ba za ka gane shi ba."

Goma da minti goma muka sauka a Kabuga. Adaidaita biyu na canza, sannan acaɓa. Tun kafin mu bar kwalta wari ya tarbe mu, kamar ruɓaɓɓen ƙwai da jiƙaƙƙiyar fata. Ɗan acaɓan ko a jikinsa.

Yaya Sale na kwance a wani ɗakin langa-langa. Daga gwiwa zuwa ƙasa fatarsa ta yi baƙi, ta tsattsage tana ruwa, ga tari. Malam Bawa, wani dogon dattijo mai furfura a gemu, yana zaune kusa da shi yana kore ƙuda. Ya tarbe ni da fara'a, ya aika aka kawo shinkafa da wake da salak da soyayyen kifi. Na ce na ƙoshi. Ya dube ni, ya dubi kwanon. Da ya fita na sayo burodi da ruwan leda.

Na ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, kun taɓa samun saɓani da mutumin nan?"

"Inna ce ta ɗora ka, ko? Gobe ka bi shi lambu, ka gani da idonka."

A nan na kwana kan tabarma, ina sa ido kan duk abin da Bawa ya miƙa masa.

Laraba: bakin kogi

Bakwai na safe muka taka, tafiyar minti ashirin. Lambunan kore shar, salak da alayyafo da albasa, ban taɓa ganin irin kyansu a fadamarmu ba. Amma ruwan da inji ke jawowa daga magudana baƙi ne mai ratsin shuɗi, kumfa na yawo a kai. Inda ya haɗu da kogi, ƙananan kifaye sun juya ciki sama, wasu mutane na tsince su da kwando.

Malam Bawa ya tsaya. "Malam Habu, na san dalilin da ya sa ba ka ci abincina ba."

Ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa. Irin ciwon Yaya ne sak, har nasa ya fi daɗewa, tsofaffin tabo a ƙarƙashin sababbi.

"In ni na yi masa, wa ya yi mini? Jikata ma wata biyu tana gudawa."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Ka yi haƙuri, Malam. To me ya sa ba ku daina ba?"

"Da wane ruwan? Rani in ya yi, wannan kaɗai ne ba ya ƙafewa."

Na ce sai na ga inda yake fitowa. Na bi magudanar ni kaɗai kusan kilomita biyu, har ta kai ni bayan doguwar katangar wata masana'anta mai waya a sama. Bututu uku ne, ɗaya yana zubo ruwa da ɗuminsa. Ina zaro waya sai ga maigadi.

"Kai, ɗan jarida ne?"

"Tela ne ni."

"Tela me ya kawo shi bayan katanga? Mayar da wayar nan. Wannan ba namu ba ne, daga can sama yake zuwa."

Na ƙarasa can saman. Maigadin can ya ce daga ƙasa ne. Ruwa dai ba ya hawa tudu, amma ban yi gardama ba.

Bayan azahar muka kai Yaya wani ƙaramin asibiti. Malamin asibitin ya wanke ciwon, ya rubuta magani da man shafawa. Na tambaye shi ko ruwan ne. Ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Ba zan rubuta maka haka ba, ban gwada ruwan ba. Amma masu irin wannan ƙafar da nake gani, kusan duk daga bakin magudanar nan suke. Ka ɗauke shi daga nan. In tarin bai tsaya ba, a kai shi babban asibiti."

Alhamis: komawa

Yaya ya so ya tirje, wai saura sati biyu a cire salak. Malam Bawa ya ce, "Tafi, Sale. Zan cire, rabonka zai same ka." Muna shirin hawa, wata a-kori-kura ta wuce maƙare da ganye za ta kasuwar birni. Na bi ta da kallo har ta sha kwana.

Malam Bawa ya miƙo mini ƙunshin salak da busasshen kifi, wai tsarabar Inna. Na karɓa da hannu biyu, don ba zan iya ƙi masa sau biyu ba. Tara da rabi muka bar Kabuga, na biya wa Yaya kujerar gaba don ya miƙe ƙafa. Sha biyu muna Ƙaraye, kafin azahar muna Tudun Kaya.

Inna ta ga ƙafafun ɗanta ta yi salati. Ni kuwa na ɗauki fartanya na zaga bayan gida, na haƙa rami na binne tsarabar. Ashe tana biye da ni.

"Ka gani ko? Kai ma ba ka yarda da shi ba."

"Ba shi ba ne, Inna. Shi ma ciwon na cinsa. Ruwan ne."

Ta ce, "To ruwan, wa ya zuba masa abin?"

Na buɗe baki, na tarar ba ni da suna ko ɗaya da zan ba ta.

Da la'asar na iso Rogo. Yanzu wata guda ke nan, ƙafar Yaya ta fara bushewa, tarin ne bai sake shi ba, kuma ya fara zancen komawa. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Bawa, wanda na zarga alhali yana jinyar ɗan'uwana. Allah ya ba su lafiya, su da duk wanda salak ɗin nan ya shiga gidansa.