Gonar Baba Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi, direban tasi a garin Sterling na Amurka. 'Yan'uwa sun fi tuna shi da abin da suka kira wautarsa: ya tattara gumin shekarunsa ya sayi fili a wani ƙauyen Virginia, can bayan filin jirgin sama, wai zai noma yakuwa da kuɓewa da wake.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana, wani fim ne da muka kalla da Inna, labarin iyalin Koriya da suka koma karkarar Amurka don noma kayan miyar ƙasarsu. Da wahala ta yi wa maigidan katutu, Inna ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Ashe ba gidanmu kaɗai ake da masu taurin kai ba."

Baba manomin Kazaure ne, kuma da ilimin Kazaure ya fara. Ruwan farko na sauka a watan Maris, ya ɗauki sungumi ya yi shuka, domin a wurinsa idan ƙasa ta jiƙa ba a jira. Tsiro ya fito kore shar. Sai sanyi ya juyo, raɓa ta daskare a kan ganye, gona ta ƙone ƙurmus. Baƙo makaho ne ko da idonsa. A harabar masallaci ƙanensa, Baffa Bala, ya tsokane shi: "Yaya, samaniyar nan ba ta jin Hausa." Baba ya ce, "To, ni zan koyi yarenta."

Ya kuwa koya. Ya koyi zama da iri a hannu yana kallon ruwa na zuba bai shuka ba, abin da ya fi azumi wuya ga manomin Hausa. Ba a jima ba, matanmu na garuruwan Clinton da Takoma Park suka fara tuƙo mota takanas domin yakuwarsa.

Yau manyan gine-gine marasa taga, inda ake jibge na'urorin intanet, sun kewaye gonar, kuma wani kamfani yana neman ta. Inna ta bar mini shawara. Baffa Bala ya kira ni: "Ɗana, kai da ka yi digiri, me ya haɗa ka da fartanya? Ku sayar ku huta." Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce. Ina jin zai dubi ginin ya tambaya ko akwai abin da ake tsinka a ciki a sa a miya. Noma na duƙe tsohon ciniki ne. Ya riga kamfanin zuwa duniya.

Na je har gida na durƙusa na gaida Baffa, na saurare shi har ya gama, sannan na ce a'a.

Baba bai bar mana dukiya ba, bai bar suna a jarida ba. Ya bar mana wurin tsayawa. A wannan ƙasa muka yi masa sutura, a cikinta muka binne shi. Wanda ya ba ƙasa ubansa ya daina zama baƙonta, kuma ba ya tashi don an yi masa tayi. Allah Ya jiƙan Baba.