Farantan Jerena da Baƙin Mai

Soyayyar da na sani kafin aure a littafi na karanto ta. Akwai wata rumfa a Kasuwar Litinin, bayan layin masu atamfa, inda nake karɓo hayar littattafai in ɓoye a cikin laffaya. A cikinsu kowane saurayi yana da mota mai sanyi da ƙamshi, ya jingina da ita yana murmushi, kuma ban taɓa karanta inda motar ta mutu a hanya ba. Ni da na tashi aure sai Allah ya ba ni direban akori-kura. Ba ta da sanyi, ƙamshinta na buhu ne da gumi, ƙofar gefen mai zaman banza sai an ɗaure ta da igiya. Amma ita ce ke dawo mini da mijina kowace yamma.

Aikinsa ɗauko shinkafa ne daga Zabarmari zuwa cikin gari. A shekarun rikicin nan hanyar ba ta da nisa a ƙafa, a zuciya take da nisa. Mota in ta lalace a kanta, ba mai tsaya maka. Ba mugunta ba ce, kowa ransa yake ji. Sojojin shinge kuma ba sa son ganin mota a tsaye a inda ba su ce ta tsaya ba. Ga dokar hana fita tana jiran wanda ya makara. Saboda haka addu'ata kullum guda ce: kada injin nan ya buga a tsakanin Zabarmari da gida.

Wata rana ina wanki na ci karo da tsumman da yake goge sandar auna baƙin mai. Na ɗaga shi a rana sai na ga yana walƙiya, ƙananan taurari a cikin baƙi, kamar leshin biki. Har ga Allah burge ni ya yi. Da ya dawo na nuna masa.

"Maigida, ashe motarka kwalliya take yi a ɓoye? Dubi ƙyalli."

Ya yi dariya yana cire takalmi. "Gimbiya, ke komai sai kin mai da shi labari. Datti ne kawai."

Gimbiya yake ce mini in zai tsokane ni, saboda littattafan. Na naɗe tsumman na ajiye. Kwana biyu bayan nan na je gaida kawuna, ƙanin mahaifiyata, tsohon bakanike da ke da gareji a Wulari. Na nuna masa ne don ya yi dariya shi ma. Bai yi ba. Ya murza tsumman a yatsunsa, ya kai hasken rana, ya dube ni.

"'Yata, wannan ba ƙyalli ba ne. Injin ne yake cin naman jikinsa."

Kawu Hausarsa da nauyin Barbarci take fita, a hankali, kamar yana auna kowace kalma. Ya tambaye ni wane mai mijina ke zubawa. Na ce na duro, mai kaurin nan da ake aunawa a bakin titi. Ya gyaɗa kai. Ya ce duk direbobin tasha shi suke so, don yana rufe bakin tsohon inji, ƙarar ta kwanta, mutum ya ɗauka lafiya ce. Ya ce akwai wani kuma na galan rufaffe, sintetik ake ce masa, tsinkakke ne, amma ba ya saurin mutuwa a zafi. Kuma zafi shi ne abincin motar mijina, tunda rabin ranarta a layin shinge take yi, inji na aiki mota ba ta motsi.

"To wanne ya fi, Kawu?"

"Ni ban yi rantsuwa a kan kowanne ba. Injin za a tambaya. Ranar juye, a taro mini tsohon man injin a farin abu mai tsabta, in gani da idona."

Da yamma na kawo wa maigida maganar bayan ya ci tuwo, na kunna turaren wuta, na zauna kusa da shi yadda na karanta ana yi. Bai hana shi murtuke fuska ba.

"Wannan mai kamar ruwan shayi? Na motocin manya ne. In na zuba wa tsohuwar nan, ta ko'ina zai tsiyaye. 'Yan tasha ma dariya za su yi mini."

"'Yan tasha ne za su je su jawo ka in ta tsaya a daji?"

Shi ma ya san amsar.

Ranar juye na rasa farin abu. Robobinmu duk masu launi ne, kwanukan girki kuwa sun sha wuta. Sai idona ya kai kan kabet ɗin jerena. Farantan tangaran ne farare tas, mahaifiyata ta tara mini su ɗaya bayan ɗaya tun ina 'yar makaranta. Kowa ya san ba a cin abinci a kayan jere. Gogewa ake yi, a mayar, baƙi su gani su yaba. Ni kaina na sha tsayawa a gabansu ina raya ranar da zan jera wa mijina abinci a kansu, ga fure a tsakiya. Na buɗe kabet ɗin na zaro ɗaya. Na ɓoye shi a cikin laffaya.

Da muka isa garejin Kawu ya ga abin da na fito da shi daga laffaya, sai ya riƙe baki.

"Lale! Uwarki ta san da wannan?"

"Kai za ka gaya mata, Kawu?"

"Ni? Ina son raina."

Ya shiga ƙarƙashin motar ya kwance notin mai, ya tari man farko a farantin. Muka kai rana. Ya karkata shi a hankali, man ya gangara, ya bar wani laka-laka mai walƙiya a baya. Ya ɗauko mayen ƙarfe da ya ciro daga tsohuwar rediyo ya wuce da shi ta ƙasan farantin. Wasu ƙwayoyin suka bi shi kamar tururuwa. Wasu kuma, ruwan ɗorawa, suka ƙi motsi. Kan waɗannan ya ɗora yatsa.

"Baƙaƙen nan na gugar yau da kullum ne, mai zai iya rage su. Amma waɗannan daga mital suke, abin da ƙarfen tsakiyar inji ke kwanciya a kai. In sun ƙare, inji ya buga. Ba man da zai mayar da su, ko daga ina aka kawo shi. Sai an sauke an canza."

Lokacin kaka ne, shinkafa na jiran mota. Maigida ya ce a bari sai an gama kwaso amfani. Na ce ban yarda ba. A littattafaina mace in tana son abu kuka take yi, ko ta ƙi cin abinci. Ni ban yi ko ɗaya ba. Na ɗauki farantin da man a ciki na kai gida, na ajiye a kan tabarmar da yake karyawa, kusa da kofin shayinsa. Da safe ya gan shi, da yamma ya gan shi. Ya ce in ɗauke, na ce motar ce ke gaishe shi. Bai jima ba ya miƙa wa Kawu makulli.

Kwanakin da motar ta yi a kwance sun yi mana tsawo. Yana zaune a ƙofar gida yana kallon abokansa na wucewa da lodi, ba ya ko amsa mini sannu da kyau. Na daure. Gara ya yi fushi da ni a tsakar gida ina ganinsa.

Da aka haɗa injin, rigimar mai ta dawo sabuwa. Kawu ya raba mu. Ya ce sabon mital sai ya ɗan goge kafin ya zauna, don haka juyen farko ba shaida ba ne. Bayansa a yi zagaye ɗaya da mai kauri, a yi ɗaya da sintetik, hanya ɗaya, lodi iri ɗaya, kowanne da farantinsa. Haka na sake zaro biyu. Jeren ya yi giɓi kamar bakin tsohuwa, na ja sauran na baza su don kada a gane.

Watanni aka ɗauka. Farantin man duro ya fito ba ruwan ɗorawa, alhamdu lillahi, amma mayen ƙarfe ya tara baƙin gari har ya yi gemu, man kuma ya yi kauri kamar kwalta. Sai aka zuba sintetik. A makon farko maganar maigida ta tabbata: mota ta fara ɗiga a ƙofar gida. Ya kira ni da murna ya nuna mini tabon a ƙasa.

"Gimbiya, zo ki ga man masoya yana zubar da hawaye."

Na ji kunya, ban ja da baya ba. Kawu ya duba ya ce robobin da ke tare mai ne suka bushe tuntuni, dattin tsohon mai ne ya toshe su. Aka canza su, ɗigar ta tsaya. Ranar da aka tari sintetik ɗin a faranti na uku, maigida da kansa ya karɓi mayen ƙarfen. Ya wuce da shi, ya sake wucewa. Abin da ya biyo shi bai fi a lakata da ɗan yatsa ba. Ya daɗe yana kallon farantan biyu a jere a kan benci.

"Kawu," ya ce, "a sake zuba na galan ɗin nan."

Har yau ban san rabon da man ya ɗauka da rabon da hannun Kawu ya ɗauka ba, kuma ban damu in sani ba.

Bayan haka ne ya ce in shirya in raka shi Zabarmari, in ga hanyar da nake yi wa addu'a. Ya ɗaure mini ƙofa da igiyar. A dawowa, da lodi har sama, muka tarar da layin shinge ya miƙe, rana ta take. Muna matsawa kaɗan-kaɗan. A gefen titi ga wata mota an bar ta, murfin inji a buɗe, ba kowa a kusa. Na kawar da kai. Na kasa kunne ga tamu, ina jiran wani ƙwanƙwasa, wani tari. Sai ya kamo hannuna ya ɗora a kan ƙarfen gaban motar, ya bar nasa a kai. Rawar injin na shigowa tafina a daidai, ba gargada.

"Kin ji ta?"

"Na ji."

Soja ya leƙo, ya dubi buhuna, ya ɗaga mana hannu. Muka shigo gari da sauran rana, ana kiran la'asar. A ƙofar gida, kafin ya kwance mini igiyar, ya ce in wanke farantin nan ɗaya in ba shi ya ajiye a bayan kujera, saboda juye na gaba.