Naman da Nake Aika wa Inna

Ban san mahaifiyata ta zube haka ba sai ranar da ma'aikaciyar asibiti ta ce ta naɗe hannun riga za a auna jini. Inna a Durba take zaune, ni kuma ina koyarwa a Rano, sai ƙarshen wata nake leƙa ta. Kullum cikin mayafi nake ganinta, ga ciki ya ɗan fito, har na ɗauka ƙiba take yi.

Tana naɗe rigar na ga damtse kamar karan dawa, fata tana reto. Hannun da a da yake surfa kwano biyar kafin hantsi.

Ƙishirwa da yawan fitsari ne suka sa na kawo ta. Gwaji ya nuna ciwon suga.

"Ni da ko koko ba na sa wa sukari?" in ji Inna.

Ma'aikaciyar ta tambaye ta yaushe al'ada ta ɗauke mata. Inna ta sunkuyar da kai saboda ina wurin, ta ce an fi shekara goma. Matar ta ce daga wannan lokacin tsokar mace takan fara raguwa, tsoka kuwa ita ke shanye yawancin sugan da tuwo ke sakewa cikin jini. In ta ragu, sai sugan ya rasa mashiga, ya taru.

"Mama, kina cin nama ko kifi?"

Ni na yi saurin amsawa, har da ɗan alfahari, cewa duk ranar kasuwar Kibiya sai na sa an kai mata nama.

"Ana kawowa," Inna ta ce. "Ina dafawa. Ba ni nake ci ba."

Ta buɗe baki ta nuna mana. Haƙoranta na ciki duk sun zube, sai dasashi. Shekara shida ke nan rabonta da tauna nama. In ta dafa sai ta rarraba wa maƙwabta, ita ta haɗiye tuwo da ruwan miya.

Shekara shida ina tambayarta ko saƙo ya iso, ban taɓa zama na ga tana cin abinci ba.

"Inna, me ya hana ki faɗa mini?"

"In na faɗa za ki daina aikowa. Su kuma sun saba."

Ban bar ta ta koma ba, gidana na wuce da ita. Na riƙa daka mata nama a turmi, ga kifi, wake, nono da dafaffen ƙwai, wanda har yau take cewa ƙarni yake mata. Da yamma mu taka zuwa bakin titi mu dawo. Sugan bai tafi ba, tana kan magani. Amma wajen wata na huɗu na shigo ɗaki na tarar ta miƙe daga tabarma ba ta dafa bango ba, tana neman tsintsiya.